Tambayi Likita: Ƙarancin jini da maganin ƙarin jini

Tambaya: Likita, cikina wata biyar. Tun da na fara shan ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ni a wajen awo, bayan gidana ya koma baƙi. In daina?

Amsa: Kada ki daina, aikin sinadarin ƙarfen da ke cikinta ne. Ki sha da lemon zaƙi, ban da shayi, don shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfen. Ki kuma ajiye ta nesa da yara, tana iya kashe ƙaramin yaro.

Tambaya: Da gaske ne Maltina da madara suna ƙara jini?

Amsa: Ba sa ƙarawa. Ka sayi hanta, kifi, wake ko zogale da kuɗin.

Tambaya: Mahaifina shekararsa 68, kullum cikin kasala, tafin hannunsa ya yi fari fat. Wata shida ke nan yana shan tonik, wato maganin ƙarin jini na ruwa, daga kemis, ga maganin ciwon gwiwa da ba ya rabuwa da shi.

Amsa: Malam, wannan ta tayar min da hankali. Ka kai Baba asibiti cikin makon nan.

Mace mai haila tana buƙatar ƙarfe miligiram 18 a rana, namiji babba 8 kawai. Idan dattijo ya yi ƙarancin ƙarfe, abin da muke fara zargi shi ne jini yana zurarewa a ciki ba a gani. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen suna cin bangon ciki har ya yi gyambo. Akwai tsutsar ciki, akwai kuma dajin hanji, wanda ake iya maganinsa in an gano da wuri. Tonik ɗin ma yana baƙanta bayan gida, sai ya ɓoye alamar jinin.

Abin yana ba ni takaici! Wata shida ana ɗura wa dattijo magani ba a taɓa auna jininsa ba? Ba kowane ƙarancin jini ne na ƙarfe ba. Ciwon ƙoda ma yana kawo shi. Jiki kuma ba shi da hanyar zubar da rarar ƙarfe, taruwa yake a hanta da zuciya ya lalata su. Shi ya sa muke hana masu sikila da ake yi wa ƙarin jini shan tonik sai likita ya rubuta.

A dakatar da maganin gwiwar, a tafi da kwalayensa asibiti. In ya yi aman jini, ko jiri ya kwashe shi, ko numfashi ya gagara, kada a jira gari ya waye.