Amsa ga Yayana: Abin da Ke Kai Mu Ƙauyen Turawa a Ƙafa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida. Ka ga hotunanmu na ranar Asabar, mu da mata da yara, kowa da jaka a baya muna ratsa garken tumaki, ka tambaye ni ko motocinmu ne suka lalace, ko gaisuwar wani muka je. Ka kuma ce ba ka gane yadda mutum zai baro Malumfashi ya zo har Ingila sannan ya biya kuɗi don ya koma tafiyar ƙafa a daji ba. Tambayar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Motocinmu lafiya lau suke, kuma ba mu da kowa a ƙauyen. Zumunci ne ya fitar da mu. Mu Hausawan Sheffield 'yan ƙalilan ne, yawanci likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da ɗalibai, kowa da lokacin aikinsa. A nan ba a faɗo wa mutum gida sai an yi waya, falon gidan kuma ba ya ɗaukar iyali biyar. In ma an taru, manya na hira, yara sun haye sama kowa ya duƙufa a kan waya, ba ka jin komai sai Turanci. Amma a kan hanya, yaro yana tafe kusa da wani baffansa awa uku, babu talabijin, wani wurin ma babu sabis, dole Hausa ta shiga kunnensa. 'Yata a can ta koyi bambancin tunkiya da rago da ɗan maraƙi. Aka ce zumunci a ƙafa yake, mu dai a nan haka muka same shi.

Da gangan muke barin motocin a gida. In aka tafi a mota, kowane iyali ya rufe kansa, sai an isa a haɗu. A bas kuwa tun daga tasha aka fara hira, kuma ɗalibin da ba shi da mota ba ya jin ya zama alaƙaƙai. Sannan mai bas yana iya sauka a wannan ƙauye, ya taka zuwa wancan, ya hau daga can. Mai mota dole ya dawo inda ya ajiye ta.

Babban abin da nake so ka gane shi ne ƙauyen nan ba ya karɓar baƙo yadda ka sani. A gida, in za ka ƙauye shirinka kaɗan ne, domin mutanen garin su ne shirinka. Ka yi sallama, a kawo maka ruwa, a kai ka wajen mai gari, in dare ya yi a share maka zaure. A nan babu mai garin da za ka kai wa gaisuwa, babu wanda ke zaune a ƙofar gida, kuma ba a ƙwanƙwasa wa baƙon ido ƙofa don neman ruwa. Ba mugunta ba ce, haka tsarinsu yake. Yawancin mazauna waɗannan ƙauyuka ma masu hali ne da waɗanda suka yi ritaya, gidan dutse a can ya fi na unguwanni da yawa na cikin gari tsada. Muna cewa matambayi ba ya ɓata, to a kan tudun nan sai ka yi tafiyar rabin awa ba ka ga wanda za ka tambaya ba. Duk abin da mutane za su yi maka a gida, a nan sai ka tanadar wa kanka tun daren jiya.

Farkon tanadi jadawalin bas. Motar nan ba ta jiran lodi ya cika. Ko mutum biyu ne a ciki, lokaci na yi direba zai ja. Babu kwandasta, babu ɗan kamasho, babu ciniki, kati kake ɗorawa a na'ura kusa da direba. Tun Janairun 2023 gwamnati ta ƙayyade kuɗin tafiya ɗaya a yawancin motocin bas na Ingila a kan fam 2, a Janairun 2025 aka mai da shi fam 3. In kana tsaye a bakin hanya sai ka miƙa hannu za ta tsaya, in za ka sauka kuma ka danna ƙararrawa kafin a iso. Bas ɗin ƙauye ba ta da yawa, wani lokaci tsakanin mota da mota awa biyu ne, ranar Lahadi kuma ta fi ƙaranci. Don haka wanda muka ɗora wa shirin, abin da yake fara dubawa shi ne motar ƙarshe ta dawowa, sannan ya tsara mana mu hau wadda ke gabanta. Ta ƙarshen ajiya ce saboda tsautsayi. In ita ma ta wuce ka, babu ɗan acaɓa, babu motar kaya da za ta rage maka hanya, sai tasi daga cikin gari, kuɗinta kuma ya isa cefanen kwanaki.

Sai hasashen yanayi da lokacin faɗuwar rana. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, a ƙarshen Yuni kuwa sai bayan 9 da rabi na dare. Shi ya sa tafiya da ƙananan yara muke yin ta daga Mayu zuwa Satumba. Ko a lokacin ba a yarda da sararin sama, kowa da rigar ruwa a jaka. Babbar riga da abaya mai jan ƙasa ba sa tafiyar nan, taɓo zai cinye su. Mata kan sa wando a ƙarƙashin doguwar rigar ruwa, kowa da takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa. Keken tura jariri ba ya haye katanga, don haka zanin goyo ne ke aiki, kuma sau da yawa matan Turawa kan tsaya su yi ta sha'awar yadda ake ɗaura shi.

Abinci daga gida muke zuwa da shi: dafaduka a ƙananan kula, dambun nama, cincin, dabino, shayi mai citta a filas. Cibiyar ƙauyen Bature mashaya ce, can suke cin abinci, mu kuma ba ma shiga. Akwai ƙananan shagunan shayi da kek, muna sayen wani abu a wurinsu ko da ba mu da buƙata sosai, domin bai kamata jama'a su cika gari su tafi ba su amfani kowa ba. Sharar da muka tara, har ƙwallon dabino, a jaka take komawa gida.

Salla ita ce ta fi cin tunani. Babu masallaci a waɗannan ƙauyuka, kuma tafiyar ba ta kai ta ƙasaru ba, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya sai ta kai mil 48, nan kuwa ko rabin haka ba a yi ba. Muna fita da alwala, muna riƙe gorar ruwa daban saboda wanda tasa ta warware, da 'yar darduma mai leda a ƙasa saboda ciyawa kullum a jiƙe take. Alƙibla daga nan kudu maso gabas ce, waya na nunawa. Mukan nemi gefen katanga inda ba za mu tare wa kowa hanya ba, mu yi sahu. Masu wucewa kan sassauta murya su kewaye.

Ka tambaya ko mai gona ba ya fushi muna ratsa masa fili. Ba shi da ikon hanawa, kuma wannan shi ne abin da ya fi burge ni a ƙasar nan. A Ingila da Wales akwai hanyoyin ƙafa na jama'a kusan mil 140,000, suna ratsa gonaki da makiyaya, wani lokaci har ta ƙofar gidan manomi, duk suna cikin taswirar hukuma. Kibiya rawaya a jikin gungume na nufin hanyar mai ƙafa, shuɗiya kuma har mai doki da mai keke. Ka ɗauke su kamar burtalin da muka sani muna yara, wanda shanu ke bi tsakanin gonaki ba mai cewa uffan. Bambancin shi ne namu an bar gonaki sun cinye shi, mun kuma ga abin da hakan ya haifar, nasu kuwa manomin da ya toshe yana iya tsayawa gaban kotu. Su ma ba a sama suka samu komai ba. Tsaunukan da ke tsakanin Sheffield da Manchester a da masu kuɗi sun killace su don farautar tsuntsaye. Ranar 24 ga Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan ba da izini ba, aka ɗaure mutum biyar daga cikinsu. A 1951 yankin Peak District, inda waɗannan tsaunuka suke, ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, a 2000 kuma aka yi dokar da ta buɗe yawancin irin waɗannan tsaunuka ga kowa. Abin da ke kanmu kuma shi ne mu tsaya kan hanya, mu bar ƙyaure yadda muka same shi, kada a kunna wuta, kada yaro ya kori tunkiya. Saniya mai ɗan maraƙi kuma a ba ta wuri, don ana samun waɗanda shanu ke tattakewa.

Inda ka gani a hoton sunansa Eyam, mutanen wurin Iim suke cewa. Daga babbar tashar bas ta Sheffield muke hawa mai lamba 65 da ke zuwa Buxton, ƙasa da awa guda mun sauka a Stoney Middleton, sai mu haura tudu a ƙafa, kamar mil guda. Hawan yana da tsayi, dattawa kan tsaya su huta. A saman tudun akwai wani dutse da bai kai gwiwa ba, da 'yan ramuka a kansa kamar an sa yatsa. Yara kan durƙusa su zura yatsu ciki, ruwan sama ya taru a ramukan, kashin tumaki ko'ina a kewaye. Saboda wannan dutsen nake son kai yaranmu garin.

A 1665, lokacin da annoba ke cin Landan, aka aiko wa telan garin ƙunshin yadi daga can, ashe da ƙuma mai ɗauke da cutar a ciki. Mai taimaka masa, George Viccars, shi ya fara mutuwa a watan Satumba. Da abin ya tsananta a shekarar da ta biyo, limamin cocin garin William Mompesson da wanda ya riƙe cocin kafin shi, Thomas Stanley, suka shawo kan mutane cewa kada kowa ya fita, don kada a kai cutar garuruwan maƙwabta. Suka yarda, alhali sun san abin da ke jiransu. Maƙwabta kan kawo abinci su ajiye a kan iyaka, mutanen Eyam kuma su zuba kuɗi a ramukan dutsen cikin ruwan khal, da fatan ya kashe cutar. Kafin annobar ta lafa a Nuwamban 1666, mutum kusan 260 sun mutu, har da matar Mompesson. A gabashin garin, tsakiyar wata makiyaya, akwai 'yan kaburbura da aka kewaye da gajeriyar katangar dutse. Nan wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida da hannunta cikin kwana takwas.

A wurin dutsen nan mukan tara yara, wani daga cikin manya ya karanta musu hadisin da kai ma ka sani, cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in kuma ta auku a inda kuke kada ku fita. Ya ba su labarin Sayyidina Umar da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba. Yaran da suka sha zaman kulle a 2020 ba sai an yi musu dogon bayani ba. Ina so su ga cewa abin da ake koya musu a Islamiyya ranar Lahadi magana ce ta rai da mutuwa, kuma har wanda ba Musulmi ba ya taɓa gane gaskiyarta ya biya ta da iyalinsa.

Game da yadda ake kallonmu, ba zan ɓoye maka ba, akwai masu ganin ƙauye nasu ne su kaɗai. A Kirsimetin 2021 wata ƙungiyar Musulmi masu hawan tsauni ta hau tsaunin Mam Tor, a wannan yanki, da suka sa hotuna a intanet aka yi ta zaginsu. Amma a kan hanyar kanta abin da muka fi gamuwa da shi gaisuwa ce. Baturen da zai wuce ka a cikin gari ko kallo babu, a kan tudu shi zai fara yi maka barka da rana, ya ce akwai taɓo a gaba. Mun koya wa yara su riƙa riga kowa gaisuwa.

Daga dutsen sai mu gangara cikin gari, mu bi ta gaban gidajen da aka kafa wa allunan sunayen waɗanda suka mutu a cikinsu. Har yau akwai mutane zaune a gidajen, don haka ba a leƙe ta taga, ba a kuma ɗaga murya. Mu ci abinci, mu yi la'asar, minti goma kafin lokacin mota kowa yana tsaye a inda take tsayawa, an ƙirga yara.

In Allah ya sa bizarka ta fito da bazara, ka aiko mini da lambar takalminka tun da wuri, don sabo ba ya tafiyar nan sai an ɗan taka shi ya saki. Ka gaida Hajiya da su Anti da yara.