Amsar injiniya kan simintin nan mai ƙarancin hayaƙi

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da war haka. Alhaji na ji muryar da ka ajiye, ranka ya daɗe, inda kake tambaya wai simintin nan da ake ta magana mai ƙarancin hayaƙi ba dabara ba ce kawai ta rage ma siminti ƙarfi a sayar mana da tsada, kamar dai yadda wasu masu buga bulo suke ƙara yashi su rage siminti. To wallahi tambayar tana kan hanya, amma ba haka abin yake ba, bari in ɗan ja ta, a yi haƙuri da tsawon muryar.

Shi siminti ƙarfinsa yana cikin abin da ake kira kilinka ne, wato dutsen laimiston da ake haƙowa irin na Obajana ko Ashaka ko Kalambaina can Sakkwato, a niƙa shi da 'yar laka a tura cikin wani ƙaton tanderu mai juyawa a gasa shi har zafi ya kai digiri 1450, ya fito dunƙule-dunƙule, sannan a sake niƙawa da ɗan jifsum, wani ma'adini da ke hana siminti saurin daskarewa, a zuba a buhu. To abin da mutane ba su gane ba, hayaƙin ba daga wutar kaɗai yake fitowa ba, shi kansa dutsen in ya ji wuta sai ya saki iskar kabon da ke jikinsa, in ka gasa kilo 100 na tsantsar dutsen nan kilo 44 iska ce ta tashi sama, ko da kuwa da hasken rana ka gasa shi sai ta fita. Fiye da rabin hayaƙin masana'antar siminti daga nan yake. Shi ya sa in aka haɗa lissafin duniya gaba ɗaya siminti kaɗai yana ɗauke da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan adam ke fitarwa. Kenan in ana son a rage, dole kilinkar za a taɓa.

Da can Turawa tokar kwal ta gidajen wuta suke zubawa a madadin wani kaso na kilinkar, ko ragowar da ke fita daga tanderun narka ƙarfe, kuma suna aiki sosai. Mu kam ina muka gan su, wutarmu gas ce da ruwa, masana'antar ƙarfe ta Ajakuta kuwa kowa ya san babban tanderunta har yau ba a taɓa hura shi ba, to bar wannan zancen.

Wanda ya shafe mu shi ne wanda ake ce ma LC3. Wata jami'a ce a Lozan ta ƙasar Suwizalan, EPFL, ƙarƙashin wata farfesa Karen Scrivener, suka haɗa kai da masana na Kuba da Indiya suka fitar da shi. Haɗin shi ne kilinka kashi 50, gasasshen yumɓu kashi 30, ɗanyen laimiston da aka niƙa ba a gasa ba kashi 15, jifsum kashi 5. Yumɓun kuma wajen digiri 800 ake gasa shi, kun ga an rage wuta nesa ba kusa ba, kuma shi in ya gasu ruwan jikinsa ne ke fita ba kabon ba. Da wannan ake rage hayaƙin har zuwa kashi 40 cikin 100.

Yanzu ga amsarka Alhaji. Mai bulo in ya ƙara yashi, yashin nan zaune kawai yake, ba ya kama komai. Shi kuwa gasasshen yumɓu aiki yake yi a cikin kwaɓin. Siminti in ya sha ruwa yana kamawa akwai wani sinadari kamar farar ƙasa da yake saki wanda ba ya ƙara ma kankare wani ƙarfin kirki, to yumɓun nan shi ne yake cinye wannan sinadarin ya mayar da shi abin da ke ɗaure yashi da tsakuwa, ya toshe ƙananan ramukan da ruwa da gishiri ke bi su je su ci rodi. Shi ya sa a wuraren bakin teku ma ya fi simintin da muka saba juriya. Mutanen Rum na da ai da tokar aman wuta suka yi irin wannan, ginin Pantiyon na nan tsaye kusan shekara 1900.

Kuma ba labarin nesa ba ne fa, a Tema ta ƙasar Gana kamfanin CBI ya kafa babbar masana'antar gasa yumɓu, don su Gana kilinka daga waje suke shigo da ita da dala, kun ga su ba ma maganar hayaƙi kaɗai ba ce, maganar aljihu ce. Akwai irinta a Kiribi ta Kamaru da Abijan. Mu a Najeriya da yake Allah ya hore mana laimiston shi ya sa ba mu matsu ba, amma yumɓun da ake so, mai kawolin, wato farin yumɓun nan da ake yin tangaran da shi, ga shi nan jibge a Ƙanƙara ta Katsina da Alƙaleri ta Bauci, kuma ba sai fari tas ba, mai kawolin kashi 40 ma ya isa, sai dai in jan ƙasa ya yi yawa simintin kan fito da ɗan ja-ja, wannan launi ne kawai.

Amma birkiloli ku saurara don Allah, yana da halinsa. Kwanakin farko yana ɗan jinkirin kamawa, sai wajen sati guda yake cimma simintin da muka saba, a kwana 28 su yi kunnen doki, saboda haka kafinta kar ya yi gaggawar cire katakon dekin don maigida na matsa masa. Kwaɓinsa kuma yana da danƙo, lebura zai ji shebur ya yi nauyi ya ɗauko bokiti ya ƙara ruwa, to nan ne ake kashe kankare, kowane iri ne ma. Maganin sassauta kwaɓi ake sawa, ba ruwa ba. Sannan ban ruwa bayan an zuba, musamman da zafin nan namu da iskar hunturu, a jiƙa shi a rufe da buhu ko leda aƙalla sati guda, in ya bushe da wuri yumɓun bai samu ruwan da zai yi aikinsa ba.

Kuma kar wani ya ji ni ya je ya ɗebo laka a bayan gida ya ƙona ya gauraya da buhunsa ya ce ya yi LC3, a'a wallahi, in wutar ta gaza bai gasu ba in ta wuce ya mutu, a masana'anta ake aunawa. Haka ma tokar ɓuntun shinkafa da wani ya ambata ɗazu, tana aiki ƙwarai, amma sai an ƙona ta da ƙa'ida an niƙa ta laushi, ba irin wadda ake kwasowa a bayan injin casa ba.

Maganar farashi kuma Alhaji, gasa yumɓu ya fi gasa kilinka arha, wannan haka yake, ko za a bari sauƙin ya iso kan buhu kuwa wannan sai ka tambayi masu kamfani. Bari in tsaya nan tifa ta iso da tsakuwa, wassalam.