Zan iya kai ƙarar kamfanin da ke sayen kayan masana'antarmu?

Tambaya: Barista, ina aiki a masana'antar da ke ɗinka wa wani babban kamfanin Jamus tufafi. Muna wuce lokacin tashi ba a biyanmu, ƙofar gudun gobara kuma kullum a garƙame take. Ina da haƙƙi a kan kamfanin na Jamus?

Amsa: Malam, wanda ya ɗauke ka aiki shi doka ta fara kamawa. Kuɗin ƙarin lokacinka a wuyansa yake, kuma a ofishin ƙwadago ko kotun ma'aikata ta ƙasarku za ka nema.

Sai dai mai saye ma bai kuɓuta ba. Jamus tana da doka da ta fara aiki a 2023, daga 2024 kuma ta hau kan duk kamfanin da ke da ma'aikata aƙalla 1,000 a ƙasar. Ta wajabta masa sa ido kan yadda masu yi masa kaya suke riƙon ma'aikatansu, ya kuma buɗe hanyar karɓar koke wadda za ta ɓoye sunan mai koken. In ya yi kunnen uwar shegu, kana iya kai maganar ga BAFA, hukumar gwamnatin Jamus da ke sa ido kan bin wannan doka, wadda ke da ikon bincike da cin tara. Amma dokar ba ta buɗe maka sabuwar ƙofar neman diyya a kotu ba.

Hanyar kotu tana da wuya. A 2012 gobara ta kashe sama da mutum 250 a wata masana'anta a birnin Karachi na Pakistan da ke yi wa KiK, wani kamfanin sayar da tufafi na Jamus, ɗinki. Waɗanda abin ya shafa sun kai ƙarar KiK kotu a birnin Dortmund na Jamus, a 2019 kotu ta kore ta saboda wa'adin shigar da ƙara a dokar Pakistan ya wuce. Ko sauraron gundarin maganar ba a yi ba. Don haka ka binciki wa'adin da dokar ƙasarku ta gindaya tun yanzu.

Ƙofar gudun gobarar nan ta fi damuna, domin rai ake magana. Ita za ku sa a gaba. Ku ɗauki hotonta, ku riƙa rubuta lokacin shiga da na tashi, ku adana takardun albashi da tambarin da kuke liƙa wa kayan, don shi ne shaidar da ta haɗa ku da mai sayen. Kada ka tafi kai kaɗai, ku bi ta ƙungiyar ƙwadago. A cikin koken ku nemi a gyara a kuma biya ku, ba a janye kwangila ba. Dokar ta Jamus da kanta ta ce yanke hulɗa shi ne mataki na ƙarshe.