Hukuncin Zuwa Peru Shan Ayahuasca Don Neman Waraka

Tambaya: Malam, ina karatu a Kanada, shekara biyu ke nan ina shan maganin ciwon damuwa da likita ya rubuta min. Abokaina za su tafi Peru shan wani jiƙo, ayahuasca, sun ce ganye ne kawai, kuma yana wanke zuciya. Ya halatta in bi su?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya ba ka lafiya, ɗana. Neman magani umarni ne na Manzon Allah (SAW), amma wannan tafiyar ba ta halatta ba.

Zamansa ganye ba hujja ba ne. Zaƙami ma ganye ne. Shi wannan jiƙon, ana dafa wata kurangar dajin Amazon ne da ganyen da ke ɗauke da sinadarin DMT mai juya hankali, a sha da dare, mutum ya yi ta amai, yana ganin abin da babu shi na tsawon awanni. Gusar da hankalin shi ne abin da ake nema. Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya, ya raba masu taɓa hankali gida uku: mai sa maye, mai ɓata hankali, da mai sa barci. Malamanmu na Malikiyya sun yi rangwame a na ukun idan za a yi wa mutum fiɗa, saboda larura, a hannun masani. Ina larurar a nan, alhali kana da likita? Da Ɗariƙ bin Suwaid ya ce yana haɗa giya don magani, Annabi (SAW) ya ce masa ita ba magani ba ce, cuta ce. Muslim ya ruwaito.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne zaman shan jiƙon kansa. Mai ba da jiƙon yana rera waƙoƙi yana kiran ruhohin tsirrai, yana busa wa mutane hayaƙin taba. Wannan bokanci ne, kuma aya ta 6 a Suratul Jinni ta ce masu fakewa da aljanu ba abin da suka ƙaru da shi sai wahala.

Sai kuma kasuwa. Peru ta ayyana jiƙon a matsayin gadon al'ada a 2008, ga baƙi suna kwarara birnin Iquitos na ƙasar da dala, sai kowane ɗan damfara ya zama boka. Wasu suna zuba wani fure ɗan'uwan zaƙami don abin ya ƙara kamawa. An ci zarafin mata suna cikin maye. A 2012 wani matashi Ba'amurke mai shekara 18 ya mutu a irin wannan sansani, bokan ya binne gawar a ɓoye, ya ce yaron fita ya yi.

Kai kuma hatsarinka ya ninka. Kurangar tana hana jiki narkar da wasu sinadarai, haɗuwarta da ƙwayoyin maganin ciwon damuwa tana iya kisa. Kada kuma ka daina shan maganinka da kanka. Koma wurin likitanka ka faɗa masa ba ka ga sauƙi ba, ya duba ko zai canza maka, ka haɗa da ruƙya da azkar na safe da yamma.

Wallahu a'alam.