Wai mutum ɗaya zai iya zama furodusa, darakta kuma mai tsara dandamali?

TAMBAYA: Salam Anti. Ni ɗalibi ne, wasan kwaikwayo nake karanta, amma wallahi abin da ya fi burge ni shi ne haɗa dandamali, katako da fenti da labule. Abokaina suna ta min tsiya wai aikin kafinta ne, in ina son suna in zama darakta ko furodusa. Dan Allah akwai wanda ya taɓa haɗa ukun ya kai wani wuri? Ɗanki daga Samaru.

AMSA: Wa'alaikassalam ɗana. Ai kana Samaru ma kana min wannan tambaya? To a nan Zariya Demas Nwoko ya yi karatu, daga 1957 zuwa 1961, a kwalejin da ta zama ABU a 1962. Ɗan sarki ne fa daga Idumuje-Ugboko ta jihar Delta, an haife shi 1935, kuma zane ya karanta tare da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda a fagen zane ake ce wa 'yan tawayen Zariya. Daga nan ya tafi Faransa ya koyo tsara dandamali, ya dawo 1963 ya kama koyarwa a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ibadan, shi ne ya tsara dandamali da kayan sawa lokacin da ɗan wasan kwaikwayo Kola Ogunmola ya mai da littafin Amos Tutuola na mashayin bammi wasan daɓe, daga baya ya zo yana shirya nasa wasannin yana ba da umarni, har gidan wasa ya gina da kansa a Ibadan, New Culture Studio. A 2023 aka ba shi kyautar Zakin Zinare a Banis ta Italiya, kan gine-gine.

Ka ga ta hannu ya faro. Ni dai a ganina daraktan da bai taɓa riƙe guduma ba shi ne zai ce a kafa masa ƙofa a inda za ta tare wa rabin 'yan kallo fuskar jaruma, sai ranar wasa a zo ana ta ja-in-ja. Furodusa kuwa lissafi ne, in ka san nawa ake sayar da falanki da galan ɗin fenti babu mai yi maka ƙwange.

Je ka wurin kafintan unguwarku duk Asabar, ka kuma koyi kunna fitilu. Abokan naka za su neme ka lokacin furojet.