Ina 2ab ɗin ya fito?

Tambaya: Malam, ina wuni. Ni ɗaliba ce a ajin 4e a nan Damagaram, unguwar Zango. Na rubuta (a + b)² = a² + b², mushe ya ja mini jan biro, ya ce na manta 2ab. Daga ina ya fito? Kuma me ya sa a (a + b)(a − b) = a² − b² babu shi?

Amsa: Lafiya lau, ƴata. Kuskuren nan kusan kowane ɗalibi sai ya yi shi, har masu shirin jarrabawar BEPC, domin haddace ƙa'idar suke yi ba su taɓa ganin hotonta ba. To ajiye haruffan tukuna, ɗauko alli.

Zana fili mai tsawon mita 13, faɗi mita 13. Raba kowane gefe gida biyu, 10 da 3 (wato a shi ne 10, b kuma 3), ki ja layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Filin ya zama ɗaki huɗu. Babban 10 sau 10 ne, wato 100. Ƙaramin da ke lungu 3 sau 3, wato 9. Saura dogaye biyu, kowanne 10 sau 3, talatin-talatin. Haɗa duka ki ga 169, wanda shi ne 13 sau 13. Ke kuwa 109 kika ba mushe, kin sayar da fili kin bar ɗaki biyu ba a biya ki ba. Waɗannan biyun su ne 2ab.

Zanen nan yana aiki ko da ɓangarorin ba daidai suke ba. A (x + 3)(x + 2) ɗakunan su ne x², 2x, 3x da 6, jimla x² + 5x + 6.

Tambayarki ta biyu ta fi daɗi, kuma da almakashi ake gane ta. Kin san dukawan garin nan ba sa yarda fata ta lalace. A ce baduku yana da fata murabba'i, 10 da 10, ya yanke 3 da 3 a kusurwa ɗaya. Abin da ya rage 100 − 9 ne, wato 91, amma siffarsa ta karkace. Sai ya yanke guntun da ya yi tsini, mai 3 da 7, ya juya shi, ya ɗinka a gefen babban mai 10 da 7. Yanzu fatar ta miƙe: tsawo 13, faɗi 7. Ga a + b, ga a − b, kuma 13 sau 7 dai 91 ne. Idan kika buɗe bakan da haruffa za ki sami −ab da +ab, ɗaya ya cinye ɗaya, shi ya sa ba ki ga komai a tsakiya ba.

Ba sabuwar dabara ba ce. Al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma daga sunan littafinsa kalmar aljabra ta samo asali, da irin wannan zanen yake kafa hujja.

Ni abin da nake so da ƙa'idar nan ta biyu shi ne lissafi da ka. In aka ce 48 sau 52, duba ki ga 50 na tsakiyarsu, biyu ƙasa biyu sama. Sai ki ce 50² − 2², wato 2500 − 4, amsa 2496, kafin mai shago a Kasuwar Dole ya lalubo wayarsa. Gwada 29 sau 31 da 97 sau 103, ki zana na farkon a takarda ki yanka da hannunki.