"Jikina Ya Ba Ni": Amsoshi Kan Zato, Hankali da Kwanciyar Rai

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, domin ko da yake daga hannu dabam-dabam suka fito, abin da suke tambaya guda ne: idan mutum ya zo yanke shawara, wanne zai bi, abin da ya faɗo masa a rai ko abin da ya zauna ya auna? Ni dai sana'ata kalmomi ce, saboda haka ta ƙofarsu zan shiga.

Wasiƙa ta farko daga wani Alhaji ce mai sayar da atamfa a kasuwar Dole da ke nan Damagaram. Ya ce wani mutum ya zo neman kaya bashi na jaka ɗari uku, har da wanda zai tsaya masa, maganarsa ba ta da aibu, amma jikinsa ya ba shi kada ya bayar, ya kuwa hana. Maƙwabcinsa na rumfa ya ce masa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Yana tambaya ko "jikina ya ba ni" da "zato" abu ɗaya ne.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ba ɗaya ba ne, kuma ginin jumlar kansa ya raba su. Idan ka ce "jikina ya ba ni", jiki ne mai aiki, kai kuwa mai karɓa ne. Haka yake a "zuciyata ta raya mini", da "ya faɗo mini a rai", da "gabana ya faɗi", da "tsikar jikina ta tashi". A cikinsu duka babu inda mai magana ya aikata wani abu, abin ne ya zo ya same shi. Zato kuwa yin sa ake yi, kuma sau da yawa wani ake yi wa. Muna cewa "ya yi mini mummunan zato", muna cewa a kyautata zato ko an munana zato, wato aiki ne da mutum ke da ikon gyarawa ko ɓatawa. Laifi yana hawa kan abin da mutum ya aikata da zaɓinsa, ba ya hawa kan faɗuwar gaba.

Karin maganar da maƙwabcinka ya jefe ka da ita tana da asali a Suratul Hujurat, aya ta 12, amma ayar cewa ta yi sashen zato zunubi ne, ba dukkansa ba, sannan nan take ta hana leƙen asirin mutane da yi da su a bayan idonsu. Maganar ke nan ta tsare mutuncin wani ce. Bahaushe ya yar da kalmar "sashe", ya ƙara "ko da ya zama gaskiya", kuma wannan ƙari ba wauta ba ce: wanda ya yanke wa ɗan'uwansa hukunci babu hujja, daga baya abin ya tabbata, dace ya yi, faɗuwa ce ta zo daidai da zama, bai kuwa zama mai adalci ba don ya dace. To kai kayanka ka riƙe, kuma riƙe kaya haƙƙinka ne. Da a ce ka bi rumfuna kana cewa mutumin macuci ne, da maƙwabcinka ya yi gaskiya.

Sai dai ba zan sallame ka haka ba, domin akwai tambayar da ta fi taka muhimmanci, wato jikin wa ke bayarwa, kuma a kan me. Jikin da ya shekara talatin a rumfa ya ga masu karɓar bashi iri-iri, ya adana kamanninsu ba tare da mai jikin ya ƙirga ba. Wataƙila abin da ka gani shi ne mutumin bai taya ba, ka faɗi kuɗi ya ce ya saya, alhali wanda ke da niyyar biya yakan ja ciniki har sai an yi gumi. Ruwa ba ya tsami banza. Baduku a unguwar Birni yana murza fata da yatsu biyu ya san an jeme ta sosai ko an yi ha'inci, tun kafin ya iya faɗa maka dalili. Dillalin raguna yana hango tafiyar rago ya san akwai ciwo a tare da shi, amma ka lura, duk da haka sai ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya shafa gadon baya. Wannan baduku da wannan dillali, idan aka kawo musu maganar zuba kuɗi a wata harka ta waya mai alkawarin ninki biyu a wata ɗaya, jikinsu bai san komai a kanta ba, duk abin da ya ba su kwaɗayi ne ko tsoro. Akwai kuma jikin da aka taɓa cuta, wanda Hausawa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Idan abin da ya hana ka bayarwa shi ne mutumin ya yi kama da wani da ya taɓa gudu da kuɗinka, ko garinsu ɗaya, to tsumma ka gani. Hanyar rarrabewa ita ce ka koma gida ka tambayi jikin naka me ya gani. Jikin gwani yakan kawo amsa ko da bayan kwana biyu ne, na mai tsoro kuwa sai ya yi ta nanata "haka kawai".

Wani matashi daga Tanut ya tambaya ko "jiki magayi" ma'anarsa ɗaya da "jikina ya ba ni". A'a, ɗana. Na biyun kafin aiki yake zuwa, na farkon bayan aiki. "Magayi" daga "gaya" yake, kuma ana faɗar sa ga wanda aka yi wa nasiha ya ƙi ji, ma'ana tunda kunne ya ƙi, jiki zai gaya masa idan wahala ta sauka. Gargaɗi ne, wani lokaci ma barazana.

Wasiƙa ta uku wata Malama ce ta aiko daga Mirya. Wani ya fito neman 'yarta, iyaye maza sun bincika ba su sami abin ƙi ba, amma ita ranta bai kwanta ba. Tana so ta san asalin kalmar "hankali", da kuma ko "raina bai kwanta ba" da "hankalina bai kwanta ba" magana ɗaya ce.

Malama, "hankali" aro ce daga Larabci, daga aƙalu, kuma tushen kalmar a can yana nufin ɗaure ƙafar raƙumi don kada ya tashi ya yi gaba. Da wannan tushe ne aka zo da hadisin nan da aka ce wa mai taguwa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali, kuma ni a ganina daga gidan nan ne akalarmu ma ta fito. Mutanen Damagaram, da suka saba ganin ayarin Azbin yana sauka a Zango, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan hoton: hankali igiya ce, abin da ake ɗaurewa kuwa yana da ƙarfi da son tafiya. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da Hausa ta yi da kalmar bayan ta karɓe ta. Ta ce "a hankali" tana nufin sannu-sannu, ta ce "yi hankali" tana nufin yi hattara, wato a wurin Bahaushe tunani da rage sauri sun zama abu guda har suna ɗaya suke amsawa. Ta kuma ce hankali ke gani, ido gululu ne.

Amma dubi wani abu. Wannan hankalin da muke cewa shi ke aunawa, shi ne kuma muke cewa ya tashi ko ya kwanta, kamar wata dabba mai jin motsi cikin dare. Hausa ba ta gina katanga tsakanin mai lissafi da mai jin motsi ba. Bambancin jumlolinki biyu siriri ne amma yana nan: "hankalina bai kwanta ba" ya fi zuwa idan akwai abin da za a iya nunawa, kamar yaro ya yi tafiya bai kira ba, shi kuwa "raina bai kwanta ba" ya fi zuwa idan an ba mutum dukan hujjoji ya rasa ta cewa, amma wani abu a ciki ya ƙi amincewa. Naki na biyun ne.

Malamai suna da kalmomi uku na Larabci a wannan fage. Ilhama ita ce abin da aka jefa a zuciya ba ta hanyar koyo ba. Basira ganin zuci ce. Firasa kuwa gane ɓoyayyen hali daga alamar da ta bayyana, abin da talaka ya taƙaita da cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Akwai ta huɗu da ke shigar burtu a cikinsu, wato wasuwasi, wanda sautinsa ma ya nuna halinsa na kai da komo. A nan ne nake jan hankalinki, domin zuciyar da hadisi ya ce a nemi fatawarta, kamar yadda yake a hadisi na 27 cikin Arba'una, ita ce kuma Hausawa suka ce son zuciya ɓacin zuciya. Uwa tana iya ƙin mai neman 'yarta saboda ta ga yadda yake yi wa ƙaninsa tsawa ranar da suka zo gaisuwa, tana kuma iya ƙin sa saboda ta daɗe da ajiye ɗan ƙawarta a rai. Duka biyun "raina bai kwanta ba" za ta ce.

Ra'ayina, wanda na gina a kan yadda harshen ke amfani da waɗannan kalmomi, shi ne rashin kwanciyar rai ya isa dalilin dakatawa, amma bai isa dalilin yanke hukunci ba. Ki nemi a jinkirta, ki faɗa wa maigidanki abin da kike ji, a tura wata dattijuwa ta binciko ta ɓangaren mata, domin abin da maza ke tambaya a zaure ba shi ne abin da ake sani a tsakar gida ba. Shawara ɗaukar ɗaki ce, kuma jinkar ɗaki hannu ɗaya ba ya ɗaga ta. Istihara ma, wadda tushenta ɗaya da "alheri", neman zaɓin Allah ce da raka'a biyu da addu'a, kuma a cikin addu'ar babu ambaton mafarki, sauƙaƙewa ko kawarwa ake roƙo.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce a Jami'ar André Salifou, kuma da ɗan zafi ya rubuto. Ya ce karin magana suna cin karo da juna: a nan a ce gaggawa aikin shaiɗan, sauri ya haifi nawa, a can kuma a ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ya ƙara da cewa "abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba" dabara ce kawai ta rufe bakin yara.

Ɗana, ana yin amfani da ita wajen rufe baki, ban musa ba, kuma na ga dattawan da suka fake da ita suka yi kuskure babba. Amma ka dubi kalmar aikin: "hango" aka ce, ba "sani" ba. Hange na abin da ke nesa ne wanda bai iso ba, rimi kuwa tsawo ne da ake hawa a yini ɗaya, alhali tsawon da babba ke tsaye a kai shekaru ne. Maganar tana nan daram a inda babba ya daɗe yana gani, kamar aure da gado da zaman maƙwabtaka, tana kuma raunana a inda yaro ya riga shi shiga. Idan ana neman misalin hangen nesa a garin nan, ga ganuwar Birni da Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa aka gina, har ya tanadi igwa. Irin wannan aiki ba ranar da maƙiyi ya bayyana ake fara shi ba.

Game da cin karo kuwa, karin magana ba dokoki ba ne da za a jera su a nemi su daidaita, kowace da lokacinta, kamar magunguna a jakar wanzami. Manomin gero ya fi kowa sanin haka. Ruwan farko yakan sauka a ƙasar nan wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, sau da yawa da dare, kuma rairayinmu ba ya riƙe danshi, saboda haka da asuba dole a yanke: a fita da sungumi ko a jira. Idan aka shuka ruwa ya ɗauke mako uku, tsiro ya ƙone, an yi asarar iri. Idan aka jira kuma damina ta zarce, an bar maƙwabta sun yi gaba. Babu lokacin zama a yi dogon nazari. Tsohon manomi yakan je gona ya tona ƙasa da hannu ya ga inda danshi ya tsaya, ya dubi gabas, ya ce a shuka ko a bari, kuma mai kallo zai ce jikinsa ne ya ba shi. Amma irin da ke cikin ƙwaryar tun da kaka aka zaɓe shi zangarniya-zangarniya, an yi sharar gona tun da bazara, an kai taki, an kuma ware wani irin a rumbu saboda ko za a sake shuka. Wannan shi ake nufi da ba a fafe gora ranar tafiya, shi ne kuma "shirin zaune ya fi na tsaye". Wanda ma ya yi binne, wato ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, yakan yi shi ne a gona ɗaya ya bar sauran sai ya ga kamun damina.